Sawun da ke Bayan Motar Ƙwai

Kafin rana ta take tsaka labari ya gama unguwa: 'yan sanda sun harbe Mai Ƙwai a shingen gindin gada. Mutumin da kullum safiya yake zagaya shaguna da tsohuwar farar motarsa yana sauke kiret-kiret, wanda ko kaza ce ta shigo titi sai ya tsaya ta wuce, shi ne aka ce ya taka totur zai murƙushe ɗan sanda. Haka sanarwar caji ofis ta faɗa, ta ƙara da cewa Kofur ne ya yi harbin don ya tsira da ransa.

Ba wanda ya saye wannan magana ko da kyauta. A shagon aski, a layin famfo, a bakin kanti, bakin kowa ɗaya ne: Saje ne. Saje mai jan ido, wanda in ya tsayar da kai sai ka tuna duk laifin da ka yi tun kana goye. Kofur kuwa yaron kirki ne, mai gaishe da mutane. An dai bar jaki ne ana dukan taiki.

Washegari da safe Auta ta faɗo gidan mahaifinta, idanu sun kumbura, ƙaramin ɗanta a kafaɗa. Ita ce matar Kofur.

"Baba, ka tashi ka je ka duba. An tsare shi a ofis, ko ganinsa ba a bari na yi ba. Kai kaɗai ne ƙasa ba ta ɓoye wa magana. Ka je ka nuna musu ba shi da laifi."

Mahaifin nata tsohon sufeton 'yan sanda ne, amma tun yana aiki ba a kiransa sai Mai Sawu. Rayuwarsa duka kansa a sunkuye ya yi ta, yana bin ɓarayi ta inda suka taka. Marigayiya matarsa takan ce ita ba ta da tabbacin ya taɓa ganin fuskarta, sawunta ya gani a bakin kasuwa ya biyo har gida. Da ya yi ritaya ya rantse ya bar bin kowa, amma son sani ciwo ne da ba ya jin magani. Tun jiya abu ɗaya ke masa ƙaiƙayi a rai: me zai sa mai ɗauke da ƙwai ya yi gudu?

"Zan je," ya ce. "Amma ki sani, abin da na gani shi zan faɗa."

"Ai shi nake so, Baba."

*

A harabar caji ofis ya tarar da motar, janwe ya jawo ta ya ajiye a gindin bango. Wata mata mai tabarau tana zagaya ta, hannu a baya. Jami'ar hukumar da ke sauraron koke-koken jama'a a kan 'yan sanda ce, kuma sun taɓa aiki tare.

"Baba Sufeto! Ba an ce ka ajiye aiki ba?"

"Na ajiye, ranki ya daɗe, shi ne bai ajiye ni ba. Gara in faɗa miki tun yanzu, Kofur mijin 'yata ne."

Ta dube shi ta saman tabarau. "To ka ji nawa sharaɗin. Duk abin da ka gano mai wanke shi, sai na gani da idona kafin in yarda. Wanda kuma bai wanke shi ba, ba za ka haɗiye ba."

"Na yarda."

Ta nuna masa gilashin gaba: lafiya lau, ko tsaga babu. Sannan ta zagaya da shi ɓangaren fasinja, inda gilashin taga ya zube. "Sun ce Kofur yana tsaye a gaban mota ta nufo shi. Harsashi kuwa ta nan ya shiga. Sai dai in bindigar tasa ta iya shan kwana."

Mai Sawu ya buɗe ƙofar baya. Kiret-kiret ne jere har kusan rufi, an ɗaure da igiyar roba. Ya bi su da ido daga sama har ƙasa, ya sa hannu ya ɗaga na sama, ya leƙa na ƙasa, ya sunkuya ya shinshina daɓen motar. Ya ciro ƙwai ɗaya ya juya shi a tafin hannu kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

"Motar da aka ce ta zabura da gudu, ta daki gangar ƙarfen da aka tare hanya da ita ta tsaya," ya ce. "Ranki ya daɗe, ni a da, in matata ta aike ni sayo ƙwai a leda a kan keke, sai na kai gida da rabi."

"Ko ɗaya bai fashe ba?"

"Ko ɗaya."

Ya nemi a kai shi inda abin ya faru. Ta ce an zagaye wurin da igiya, an sa mai gadi, sai shugaban ofis ya dawo ya ba da izini, watakila zuwa la'asar. Ya ce ba komai, ƙasa ba ta gudu.

*

Rumfar mai faci tana tsallaken titi, daura da shingen. Mutumin ya ga tsohon ɗan sanda ya nufo shi, nan take ya duƙufa kan wata taya kamar a cikinta aka binne cibiyarsa.

"Ni ban ga komai ba, Baba. Ruwa aka yi da asuba, ina ciki ina kwashe kaya."

"Ai ban ce ka gani ba. Kunne fa? Shi ma ruwa ya jiƙa shi?"

Mai faci ya yi 'yar dariya, ya waiga hagu da dama. Da ya buɗe baki kuwa sai ya zama rufe shi ne aiki. Saje ne, ko kaffara ba zai yi ba. Saje ya daɗe yana haushin Mai Ƙwai, sun taɓa cacar baki har mutane suka taru. Kuma Saje yana da wata ɗabi'a: duk motar da ya tsayar, kafin ya ce sannu sai ya zura hannu ta taga ya kashe ta, ya zare makulli ya rataya a ɗan yatsa.

"Jiya ma na ji muryar Mai Ƙwai yana cewa, don Allah Oga kar ka kashe. Yana ta roƙo."

"Kar ka kashe ni, ko kar ka kashe?"

"Kar ka kashe motar, Baba. Ai kowa ya san rigimarsu ke nan."

"Sai kuma me?"

"Sai na ji tau! Na kwanta a ƙasa ina salati. Can, bayan har na fara tunanin ko in leƙa, sai na ji ganga ta yi ƙara, kwal."

"Harbin ne farko, ko gangar?"

"Harbin. Tsakaninsu ma da nisa, mutum zai iya ɗaure taya ya gama."

"Ƙarar inji fa?"

Mai faci ya tsaya, ya sosa ƙeya. "Ka ga kuwa, ban ji ba."

Mai Sawu ya tafi zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Idan Saje ne mai rigimar, Saje ne a bakin taga, to watakila mutanen unguwa suna da gaskiya, an ɗora wa surukinsa kayan da ba nasa ba. Ya riƙe wannan fata da hannu biyu. Sai dai bai yi nisa ba Jami'a ta kira shi a waya: ta tambayi mai kula da ɗakin makamai, Saje bai karɓi bindiga ba jiya, kulki kawai ya fita da shi. Bindiga ɗaya ce a shingen, kuma tana kafaɗar Kofur.

*

Bakaniken da ke gyara motar ya fito daga ƙarƙashin wata tasi yana goge hannu da tsumma. Da aka ambaci Mai Ƙwai sai idonsa ya kawo ruwa, ya juya kai yana zagin hayaƙi.

"Wannan motar ta zabura? Baba, motar da in ta mutu sai an tara mata jama'a? Kik ɗinta ya lalace tun bara. Na ce ya kawo in canza, kullum sai ya ce gobe. Shi ya sa in ya tayar da ita da safe ba ya kashewa sai ya gama rabo."

"To in an kashe masa ita a hanya fa?"

"Sai ya sa waigi, ya nemi masu turi. Hambirki ma ai babu. Waigin nasa wani guntun katako ne da yake ajiyewa ƙarƙashin kujera. Da an kashe ta zai taka birki, ya sunkuya ya jawo katakon, ya yi maza ya sauka ya cusa a bayan taya. In ka ga yadda yake yi sai ka ce wasa ne."

Mai Sawu ya hango abin a ransa. Mutum ya sunkuya da sauri ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ga ɗan sanda da bindiga a ɗaya tagar. Ya yi shekaru a bakin shinge, ya san abin da ido ke gani a irin wannan lokaci.

Amma sai wata dabara ta faɗo masa, ya kama ta kamar mai nutsewa. Babu hambirki. In ƙafar direba ta bar birki, mota za ta gangara da kanta. Watakila ta gangaro ta daki gangar, yaran suka ruɗe, suka ɗauka da gaske nufo su ta yi. Kuskure ne, amma ba ƙarya ba.

*

Da la'asar mai gadi ya ɗaga musu igiya. Gefen titin jar ƙasa ce, ruwan asubar jiya ya jiƙa ta, rana ta zo ta gasa ta, duk abin da ya taka ya zauna daram. 'Yan sandan kuma sun yi aikinsu da kyau: tun da abin ya faru suka kori kowa, suka hana ko akuya shiga. Ban da tayoyin janwe can gefe, babu sawun kowa a wurin sai nasu.

Mai Sawu ya gaya wa Jami'a tunaninsa na gangarowa. Ba ta yi musu ba. Ta buɗe gorar ruwanta, ta tsiyaya kaɗan a gefen kwalta kusa da gangar. Ruwan ya yi jim, sannan ya kama hanya ya gangara baya, ya bar gangar a sama.

"Hawa ne, Baba Sufeto," ta ce a hankali. "In ta gangara, baya za ta yi."

Ya durƙusa. Gaskiyarta, ga shi a rubuce: tayoyin sun tsaya a nan, sun ɗan nutse. Daga nan suka koma baya kaɗan, har ta baya ta faɗa wani ɗan rami ta tsaya. Sannan sabon layi ya hau kan tsohon, ya yi gaba zuwa ganga, a miƙe, a natse, babu inda taya ta kwashi ƙasa ta watsar kamar yadda mota ke yi in an ba ta wuta.

Ya rarrafa zuwa bayan ramin, a nan ya daɗe. Takalman aiki ne, duk iri ɗaya, amma ba tafiya suke ba. Dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba, kan takalmin ne ya nutse ya tona, taku gajere-gajere, wani ma ya zame ya sake kafewa. Mutum biyu ne. Na ukun yana can gefe, ƙafafu a haɗe, bai motsa ba.

"Turi," in ji Jami'a.

"Turi."

"Za ka iya raba su?"

Ya so ya ce a'a. Na dama mai nauyi ne, babbar ƙafa, wannan ko makaho ya shafa ya san Saje ne. Na hagu kuwa ƙafarsa ta hagu tana buɗewa waje kaɗan, gefen takalmin ya cinye. Wannan sawun ya sha share shi a ƙofar gidansa, tun lokacin da mai shi yake zuwa da yamma yana tsayawa nesa, yana aika a kira Auta. Har tsokanarta yake yi, ya ce saurayinki mai tafiyar agwagwa ya zo jiya, ya tsaya a nan, ya koma can, ya kasa sallama.

"Zan iya," ya ce, muryarsa ta dushe.

*

Jami'a ta tara su a ofishin shugaba: Saje, Kofur, da Kurtu sabon shiga wanda kakinsa bai ko saki ba, mai faci da bakanike a kan benci, sai wata tsohuwa a kujerar kusa da ƙofa, mahaifiyar Mai Ƙwai, hannuwa a cinya. Kofur na ganin surukinsa ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. Tashi ka zauna."

Saje ya maimaita labarinsu tiryan-tiryan, kamar karatun da aka haddace. Mota ta zabura, Kofur na gaba, sai harbi.

"Wa ya kashe motar, Saje?" in ji Jami'a.

"Ba wanda ya kashe ta, ranki ya daɗe."

"Mai faci ya ji ana roƙonka."

"Mai faci! Mutumin da kwampreso ya kashe wa kunne?"

Bakanike ya faɗi nasa, na kik da waigi. Jami'a ta sa aka kawo guntun katakon, an same shi a daɓen mota wajen ƙafar direba, gefe ɗaya ya yi baƙi. Saje ya ce katako ai katako ne. Shure-shure dai ba ya hana mutuwa, amma Saje ya yi nasa iya ƙarfinsa.

Sai Jami'a ta juya ga Mai Sawu. Ya miƙe, bai dubi kowa ba, ya faɗi abin da ƙasa ta nuna: inda mota ta tsaya, inda ta koma baya, inda aka turo ta hawa. Ya ce mutum biyu suka tura, ɗaya ya tsaya.

"Takalmin gwamnati duk ɗaya ne!" Saje ya daka tsawa. "Wa zai ce wannan na wane ne?"

"Takalmi ɗaya ne, ƙafa ce ba ɗaya ba. Na dama kai ne." Mai Sawu ya juya ga Jami'a. "Na hagu mijin 'yata ne."

Kofur ya kifa fuska a tafin hannu. Da ya yi magana, da ƙyar ake ji.

"Baba, sunkuyawa ya yi. Saje na zare makulli sai na ga ya zura hannu ƙarƙashin kujera da sauri. Wallahi na ɗauka bindiga ce. Da muka buɗe sai muka ga katako ne. Saje ya ce in aka ji a kan katako na harbi mutum, na gama yawo, shi ma za a tambaye shi dalilin kashe motar. Ya ce mu tura ta, ya mayar da makullin."

Mai Sawu ya ji tausayinsa har cikin ƙashi. Tsoro ne ya harba bindigar, wannan ko alƙali zai iya saurara. Yana cikin lissafin yadda za a nema wa yaron sassauci sai tsohuwar ta yi gyaran murya.

"Ni tambaya ɗaya gare ni, 'ya'yana. Lokacin da kuke tura motar, ɗana yana ciki?"



"Yana ciki," in ji Jami'a.

"Da rai ko babu?"

Saje ya dubi bango. Kofur bai ɗago ba. Kurtu ne, wanda ya tsaya a gefe jiya, ya amsa.

"Yana numfashi, Mama. Na ce mu kai shi asibiti, ga motarmu nan a tsaye. Aka ce in bari a gama tukuna. Da aka gama ya daina."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata farashin abin da ta riga ta sani. Mai Sawu ya nemi kujera ya zauna. Wannan ƙasa ba ta gaya masa ba, kuma da ya san yana nan a ƙarshen sawun, bai san ko zai iya bin sa ba.

*

Auta tana tsaye a ƙofar gidanta tun kafin ya shawo kwana. Babban jikansa ya sheƙo da gudu ya rungume masa ƙafa, ya ɗauke shi.

"Baba, ka gani?"

"Na gani."

"Saje ne, ko?"

Ya gaya mata duka, a tsaye, bai rage ba bai ƙara ba: katakon, turin, da numfashin. Ya ce an wuce da mijinta da Saje, za a kai su kotu, kuma ba ƙaramar tuhuma ba ce. Ta saurara ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Takalman duk iri ɗaya ne," ta ce. "Da ka ce ba ka iya rabawa, wa zai sani?"

"Uwar mutumin tana zaune a gabana, Auta."

"Ni ma ina da 'ya'ya, Baba."

Ya ce ta haɗa kayan yara su koma gidansa, ɗakin mahaifiyarta yana nan. Ta miƙa hannu ta karɓi yaron daga kafaɗarsa, a hankali, ba da fushi ba, ta shiga ta mayar da ƙofa ta sa sakata.

Ya daɗe a tsaye a wurin. Daga ciki yana jin yaron yana bubbuga ƙofar da tafin hannu, yana cewa a buɗe wa Kaka, ai bai shigo ba.